Fujer mai shara-shara: tambayoyi da amsoshi kan tsiron da ke rayuwa a inuwar dutse

Duk shekarar da muka kai darasin tsire-tsire marasa fure a ajin da nake koyarwa a nan Garwa, arewacin Kamaru, akwai hoton da nake nuna wa ɗalibai: bangon dutsen yashi a cikin wani tsohon kurmi na Amurka, a ƙarƙashinsa ga wani ganye kore shar, siriri har kana hango dutsen ta cikinsa. Ban taɓa nuna hoton nan an yi shiru ba. Wani zai ce ai irin dutsen Tingilin na nan kusa da Garwa ne, wata ta ce gansakuka ce kawai, wani kuma sai an tashi ya tare ni a bakin ƙofa ya tambaya ko maganin wani abu ne. Har iyaye sukan aiko da tasu tambayar, don yara suna kai labari gida. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da aji mai mutum tamanin ba ya ba ni sukunin bayarwa.

Malam, mene ne fujer ma tukuna?

Sunan daga Faransanci muka aro shi, shi ne kuma wanda duk ɗan makaranta a Kamaru da Cadi ya sani. Dangin tsire-tsire ne da ba sa fure, ba sa 'ya'ya, ba sa ƙwayar iri irin ta gero ko gyaɗa. A madadin haka sukan fitar da wata ƙura mai laushi daga ganyensu, iska ta ɗauke ta. Sabon ganyen yawancinsu yakan fito a nannaɗe kamar gammo, sannan ya warware a hankali. Sun riga itatuwa masu fure zuwa duniya da miliyoyin shekaru, kuma a yau akwai irinsu fiye da 10,000.

Hausawa ba su rasa saninsu gaba ɗaya ba. Tsofaffin masu magani sun san agugu, saiwar da ake sha don kashe tsila, kuma saiwar fujer ce.

Me ya sa ka ce masa mai shara-shara?

Saboda ganyensa. Ɗauki ganyen mangwaro ka yaga shi, za ka ga yana da kauri: fata a sama, fata a ƙasa, tsoka a tsakiya, ga kuma wani sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma don kada ruwa ya fice. A bayansa akwai ƙananan hudoji da yake buɗewa da rufewa don numfashi. Shi kuwa wannan tsiro, a yawancin irinsa, kaurin ganyen ƙwayar halitta ɗaya ce tak, in ban da wajen jijiyoyi. Ba shi da hudojin numfashi, ba shi da kakin kirki. Ruwa yana shiga ta ko'ina a jikin ganyen, yana kuma fita ta ko'ina.

Wanda ya taɓa ɓare albasa ya ga misalinsa. Siririyar fatar nan da ke tsakanin ɓawo da ɓawo, wadda muke shimfiɗa wa ɗalibai a ƙarƙashin madubin likita, ita ma kaurinta ƙwayar halitta ɗaya ce. Ajiye ta a kan tebur a watan Maris ka je ka sha ruwa ka dawo, za ka tarar ta ƙanƙance ta bushe. To da irin wannan ganye tsiron yake rayuwa har abada.

Masana suna kiran dangin Hymenophyllaceae, akwai kuma irinsu kimanin 600, galibi a kurmin ƙasashe masu zafi da ruwa, musamman kan duwatsun da gajimare ke sauka.

Ba gansakuka ba ce?

A'a. Kama da wane ba ta wane. Suna zama wuri ɗaya, sau da yawa ma a cakuɗe, amma fujer yana da jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa, za ka gan su baƙi-baƙi a cikin ganyen idan ka ɗaga shi wajen haske. Yana kuma da siririn kara kamar zare da ke rarrafe a jikin dutse, ganyaye na fitowa daga gare shi. Sai jakar ƙurar irinsa, wadda ke bakin ganye: a wasu kamar ɗan mazurari da tsinke ya leƙo daga ciki, a wasu kamar leɓɓa biyu.

Wanda ya ruɗe ba abin dariya ba ne. Akwai wani ɗan ƙarami da wani alƙali mai suna Thomas Peters ya gano a jihar Alabama, aka sa masa sunansa a 1853, ganyensa bai kai farcen ɗan yatsa ba. Masana kansu sukan wuce shi ba su lura ba.

Me dutsen yashi yake ba shi da sauran duwatsu ba sa bayarwa?

Nan ne gishirin zancen. Ku dubi randa. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Domin jikinta yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa, iska tana busar da shi, abin da ke ciki ya huce. Dutsen yashi randa ce babba. Asalinsa yashi ne da koguna ko teku suka tara, ya danne ya haɗe, amma akwai sarari tsakanin ƙwayoyinsa. Ruwan sama yana shiga ta sama, ya riƙa sauka a hankali, ya yi watanni yana naso a jikin bango bayan an ɗauke ruwa. Dutse mai tauri irin na tsaunukan Mandara ba ya haka, ruwa kan zame a bayansa ya wuce, sai abin da tsaga ta riƙe.

Abu na biyu shi ne yadda yake zaizayewa. Dutsen yashi hawa-hawa yake, wani hawa mai ƙarfi, wani mai laushi. Mai laushin da ke ƙasa yakan cinye, mai ƙarfin ya tsaya a sama kamar rufi, sai a sami rumfar dutse mai zurfi. A tudun Kambalan da ke jihohin Kentaki, Tenesi da Alabama, da kuma tuddan Hokin na Ohayo, irin waɗannan rumfuna ba su ƙirguwa, dutsen kuwa ya haura shekara miliyan 300. Can ƙuryar rumfar, inda hasken bai fi na ɗakin da aka rufe tagoginsa ba, nan ne wani fujer mai shara-shara da ake kira Vandenboschia boschiana yake rataye, ganyensa bai cika wuce tsawon tafin hannu ba. A ƙuryar nan zafin bazara ba ya kai wa, sanyin ƙanƙara ma ba ya kai wa sosai, don dutsen yana riƙe ɗumin ƙasa. Tsiro ne da galibin danginsa ke ƙasashe masu zafi, ya sami ɗaki a ƙasar da ruwa ke daskarewa a waje.

A Turai ma haka ne. Wani ɗan dangin, Hymenophyllum tunbrigense, ya samo sunansa daga garin Tunbridge Wells na kudancin Ingila, inda duwatsun yashi suke cikin daji. Ana kuma samunsa a kwazazzaban dutsen yashi na Luksambur.

To in dutse ne ke aikin, mene ne ruwan tsohon kurmi a ciki?

Dutse shi kaɗai ba ya isa, kuma a ganina wannan ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Kurmin da ake magana na manyan itatuwa ne masu faɗin ganye da taurin katako, irin su ok da bic da mapul. A wajenmu takwarorinsu su ne maɗaci, kawo, maje da ƙirya. Aiki biyu suke yi wa tsiron.

Waɗanda ke gaban bangon labule ne. Suna tare rana, suna karya iska, laimar da ke tashi daga rafi ta tsaya a wurin ba ta gudu ba. Waɗanda ke saman dutsen kuwa su ke cika randar. Ganyen da suka zubar shekara da shekaru ya zama taki mai kauri, yana shanye ruwan sama kamar soso yana miƙa wa dutse kaɗan-kaɗan. A sare na sama, ruwa zai kwarara lokaci ɗaya ya tafi da ƙasa, bango ya bushe da wuri. A sare na gaba, rana ta leƙa ƙuryar da ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta gani ba. Ba sai an taɓa tsiron da hannu ba.

Kuma ba ya dawowa da sauri. Karansa a hankali yake rarrafe, tabarmar ganyen da ba ta fi faifai ba tana iya girmar wanda ke kallonta. An sare yawancin kurmin gabashin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, abin da ya tsira sau da yawa shi ne na cikin kwazazzabai masu wuyar shiga. Shi ya sa masu kula da daji ke ɗaukar tsiron a matsayin shaida: inda ya yi kyau, inuwar wurin ta daɗe ba a yaye ta ba. A kwazazzabon Red River na Kentaki an hana kwana da kunna wuta a cikin rumfunan dutse, don kare abin da ke tsiro a ciki da kuma kayan tarihin mutanen da.

Ai mu ma muna da dutsen yashi a Garwa. Me ya hana shi fitowa a Tingilin?

Gaskiya ne, Garwa a kan dutsen yashi take zaune, kwarin Binuwai cike yake da shi, tudun Tingilin ma shi ne. Ruwan sama ma ba mu rasa ba: Garwa tana samun kimanin milimita 1,000 a shekara, alhali Landan, wadda ba ta da nisa da Tunbridge Wells, kimanin 600 take samu. Ɗalibai ba sa yarda da wannan sai na rubuta a allo.

Bambancin yana wajen rabo. Namu ruwan a wata biyar zuwa shida yake zubowa, sannan sama ta kulle. Hunturu ya zo da iskar da ke fasa leɓe da dugadugai, laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Kafin a farfaɗo bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40. Su kuwa can yayyafi ne da hazo kusan kowane wata. Ga shi itatuwanmu na daji a warwatse suke, da yawansu suna zubar da ganye daidai lokacin da ake neman inuwa, wutar daji kuma tana bi ta ƙarƙashinsu kowace shekara. Randarmu tana cika, amma a tsakar gida aka ajiye ta ba murfi.

Wannan ba ya nufin duwatsunmu ba su da fujer. Akwai Actiniopteris radiata, ɗan ƙarami mai ganye kamar mafici, wanda ke zama a tsagar duwatsun ƙasashe masu fari. Da rani yakan dunƙule ya yi fari-fari kamar ya mutu, ruwan farko ya buɗe shi. A tafkuna da fadamun kogin Lagon kuma akwai Marsilea mai ganye huɗu da ke yawo a kan ruwa, wanda kusan ba mai cewa fujer ne.

Enedi fa, a Cadi? Ai can duk dutsen yashi ne da kwazazzabai.

Enedi ba wurin fujer mai shara-shara ba ne, iskar hamada ta fi ƙarfinsa. Amma wanda yake son ya fahimci yadda kwazazzabo ke ɓoye rayuwa, babu makarantar da ta fi Enedi. Shekara dubu bakwai ko takwas da suka wuce Sahara kore ce, Tafkin Cadi ya ninka na yau sau da yawa, mutanen wurin sun zana shanunsu a jikin duwatsu. Da ƙasa ta bushe, abin da ya sami mafaka ya tsaya. A tafkin Arshe, tsakanin dogayen bangaye, kadoji 'yan ƙalilan sun saura a tsakiyar hamada, raƙuma na shan ruwa kusa da su. A kwarin Bashikele akwai itatuwan da asalinsu na ƙasashe masu ruwa ne can kudu. Hukumar UNESCO ta sa Enedi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016.

Fujer ɗin da ke bin maɓuɓɓugan duwatsun Sahara shi ne Adiantum capillus-veneris, mai baƙin kara kamar gashi. Larabawa suna ce masa kuzbarat al-bi'ir, wato kusbarar rijiya.

A ina mutum zai gan shi a Kamaru?

A kudu maso yamma da arewa maso yamma. Dutsen Kamaru, mai tsawon sama da mita 4,000, yana da su da yawa, kuma a gindinsa ne ƙauyen Debunsha yake, inda ruwan shekara kan kai milimita 10,000. Akwai su a kurmin duwatsun Bamenda, da tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Wani Bajamushe mai tattara tsirrai, Gustav Mann, ya hau Dutsen Kamaru a 1861 zuwa 1862, akwai ma wani irin fujer mai shara-shara da ke ɗauke da sunansa. Sai dai a can ba dutsen yashi suke nema ba. Iskar kanta a jiƙe take, don haka sukan manne a jikin itatuwa da duwatsun bakin rafi.

Mu 'yan arewa, mafi kusa da mu da ke da irin wannan yanayi shi ne tudun Adamawa. Ngaundere tana kan tsawon kimanin mita 1,100, ruwanta ya fi namu, sanyinta ma haka. Da ni ne mai nema, zan fara da kurmin Cabbal Mbabo da ke tsakanin Banyo da Tinyer, wanda ya haura mita 2,000, sai bayan magangarar ruwa irin ta Tello, inda ruwa ke faɗowa ta gaban kogo yana feshi dare da rana, sai kurmin da ke bin bakin rafuka. Waɗannan kurame kuwa su ne gatari da gonar masara da wutar makiyaya suke ci ta gefe kowace shekara.

Tunda ba ya fure, yaya yake haihuwa?

Hawa biyu ne, wani Bajamushe mai suna Wilhelm Hofmeister ya warware shi a 1851. Ƙurar da ta faɗi wuri mai danshi ba fujer take fitarwa kai tsaye ba. Wani ɗan tsiro dabam take fitarwa, ƙarami, ba jijiya, ba ganyen kirki. Shi ne ke ɗauke da maniyyi da ƙwai. Maniyyin sai ya yi iyo a cikin ɗigon ruwa kafin ya kai ga ƙwan, daga nan fujer mai ganye yake tasowa. Ba ruwa, ba aure.

A wannan dangi ƙurar kore ce, a raye take tun fitowarta, ba ta jure ajiya kamar irin gero da ke kwana shekara a rumbu. In ba ta sauka wuri mai kyau da wuri ba, shi ke nan.

An ce akwai wanda ba a taɓa ganin ya yi ganye ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin. A rumfunan dutse na gabashin Amurka akwai wani abu kore kamar audugar da aka shaƙe tsaga da ita. Wani masani, Donald Farrar, ya nuna cewa hawan farko ne na wani fujer mai shara-shara, ya sa masa suna a 1992, yau ana kiransa Crepidomanes intricatum. Ba ya kai wa hawa na biyu. Yakan ɓalle ƙananan gutsattsari daga jikinsa, kowane ya zama sabon tsiro, haka yake ta yi tun zamanin da. Wani bayanin da masana suka bayar shi ne sanyin zamanin ƙanƙara ya kashe mai ganyen, ƙaramin ya laɓe a ƙuryar dutse ya tsira.

A Turai ma an daɗe ana ɗaukar fujer ɗin Kilani na ƙasar Ailan, wanda shi ma mai shara-shara ne, a matsayin tsiron da ya kusa ƙarewa. Wajen 1989 aka gane cewa hawansa na farko yana nan a tsagogin duwatsu, daga baya aka yi ta samunsa har cikin Jamus da Luksambur, wuraren da mai ganyen bai cika fitowa ba.

In ya bushe, ya mutu ke nan?

Ba lallai ba. Da yawansu sukan nannaɗe su yi baƙi, in laima ta dawo su miƙe cikin sa'o'i. Amma jure kwanaki dabam, jure wata shida na ranin Garwa dabam.

Maganin me yake yi? Yana cutar da shanu?

Ba tsiron magani ba ne, kuma ƙanƙantarsa da wurin zamansa sun sa ba saniyar da za ta kai gare shi. Wanda makiyayi zai yi hattara da shi wani ne dabam, Pteridium, dogon fujer da ke mamaye filayen tudu bayan an ƙone daji. Shanun da suka daɗe suna cinsa sukan yi fitsarin jini. Agugu kuma da na ambata, yana da dafi, in ya yi yawa yana iya taɓa ido har ya makantar. Mai tsila ya je asibiti, ƙwayar maganinta tana nan kuma ba ta da tsada.

Zan iya shuka shi a gida?

A Garwa ko Marwa ko Injamena, a bar wannan magana. Ko a Ingila sai cikin akwatin gilashi. Wani likitan Landan, Nathaniel Ward, ya lura a 1829 cewa fujer ya tsiro a cikin kwalbar da ya rufe, ya ci gaba da rayuwa ba a ba shi ruwa ba. Daga nan aka ƙera akwatunan da daga baya suka yi jigilar dashen shayi da roba da itacen kwinin a jiragen ruwa daga nahiya zuwa nahiya. Amma akwatin ya jawo wa fujer masifa. Masu kuɗin Ingila suka kamu da son ajiye shi a falo, 'yan kasuwa suka bi kwazazzaban Ailan da Wales suna ƙwaƙule fujer ɗin Kilani suna sayarwa, har ya ɓace a wurare da dama. Yau doka ta hana taɓa shi, wasu wuraren da ya saura ma ba a faɗa wa kowa.

Wani abin da zai ba ku mamaki: a yankin Biritaniya na ƙasar Faransa, cikin tsofaffin rijiyoyin ƙauye fujer ɗin Kilani ya sami mafaka, a jikin duwatsun da aka gina bakin rijiya da su, inda guga ke yayyafa masa ruwa kullum. Da famfo ya zo aka rufe rijiyoyin da siminti, ya mutu a da yawansu. Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya da tsakar ranar bazara ya ji sanyin da ke bugo fuska, ya san irin ɗakin da tsiron nan yake so.

In na je Adamawa na ga abin da ya yi kama da shi, me zan yi?

Kada ka cire. Haska shi da fitilar waya ta baya: in haske ya ratsa ganyen, ka ga jijiyoyi a fili, ka ga zaren da ke rarrafe a ƙarƙashi, to ka ɗauki hoto kusa-kusa, ka sa kuɗin ƙarfe na sefa 100 a gefe don a gane girmansa. Ɗauki bakin ganyen musamman, don jakar ƙurar iri ce ke raba wani iri da wani. Ɗauki wurin gaba ɗaya, da itatuwan da ke kansa. Rubuta ranar, da sunan rafin kamar yadda mutanen wurin suke kiransa, ko da Fulatanci ne ko da Mbum. Sannan ka kai wa malaman ilmin tsirrai na Jami'ar Ngaundere da ke Dang, ko ka aika wa ma'ajiyar tsirrai ta ƙasa a Yawunde. Ka je da kaka, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da hanya ta fara bushewa amma ganyen bai nannaɗe ba tukuna. Ka kuma nemi ɗan gari ya yi maka jagora, don dutsen bayan magangarar ruwa yana da santsi ƙwarai.